Juma'ar Da Ban Je Gubaira Ba

Asabar, 9 ga Nuwamba 2013, ƙarfe shida na safe

Da za a turo ni ƙasar nan, Mama Shugaba ta Zumuntar Matanmu ta ja mini kunne kan abu biyu: kada in rubuta sunan kowa a takarda, kada kuma in faɗi a waya abin da ba zan iya faɗa a gaban askarawa ba. Shekara huɗu ina riƙe da su. Yau zan karya na farko, don ba ni da wanda zan yi wa magana. In littafin nan ya faɗa hannun wani, sai ya nemo mai karanta masa Hausar boko.

A igamata, wato katin izinin zama a ƙasar nan, ni Turai ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin kuɗi da ke Badi'a. Wannan gaskiya ne. Sauran gaskiyar ita ce, a ƙaramar majami'ar ƙauyenmu, bayan Malumfashi, dattawa suka ɗora mini hannu, suka aiko ni in nemi 'yan'uwa masu bi da ke warwatse a Riyad in yi musu hidima. Ba a aiko ni in tsaya a kasuwa in yi wa'azi ba. Nan ba a yin haka. Kowace Juma'a da safe, gari yana barci, mukan taru a ɗakin Malam Habila, bayan shagon waldan da yake aiki a Gubaira. Mu goma sha ɗaya ne in kowa ya zo. Mu jingina katifu a taga da ƙofa, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, Malam ya buɗe mana Maganar Allah. In an tashi, ni kuma in fito da kayan awo in duba jinin kowa da sugarsa, mai rauni in wanke masa. Aikin da aka aiko ni ke nan.

Jiya ban je ba. Na yi aikin safe.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Mariamou ta kira. 'Yar Dogon Dutsi ce ta Nijar, tana aikin gida a wajen wasu Larabawa, mijinta Issaka kuma shi ne direban gidan. Cikinta wata biyar. Jiya uwar ɗakinta ta yi baƙi ta hana ta fita, Issaka ya tafi sujada shi kaɗai. Har yanzu bai dawo ba, wayarsa a kashe. Ɗazu ta samu wani mai gyaran taya da ke maƙwabtaka da shagon, ya ce mata motoci biyu suka tsaya wajen ƙarfe tara, aka fito da mutum tara aka tafi da su. Ya ce katifun suna nan zube a bakin titi, ba wanda ya yarda ya taɓa su.

Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta ce, “Yaya, ke kina ina?”

Na ce ina aiki.

Sai ta fara gode wa Allah da ya tsare ni. Ta daɗe tana yi. Ina riƙe da wayar, ina kallon fankar ɗaki.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

A nan Lahadi ranar aiki ce kamar Litinin. Har yau jikina bai yarda ba, yakan tashe ni da asuba kamar zan je share majami'a.

Na gaya wa Ikilima. 'Yar Gusau ce, musulma, shekara uku muna ɗaki ɗaya a masaukin ma'aikata. Ta san inda nake zuwa ran Juma'a, ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce tun da wa'adin gyaran takardun baƙi ya ƙare a farkon makon jiya ake ta kame a gari, jiya ma an yi rikici a Manfuha, wataƙila shi ne ya rutsa da su. Wataƙila. Amma mutum shida cikin taran nan igamarsu lafiya lau take, na gani da idona.

Tana ninke kayanta ta ce ashe da rabon in tsira na roƙe ta ta bar mini aikinta na Juma'a. Ta ɗan kalle ni. Ta ci gaba da ninki.

Malam Habila yana allurar suga sau biyu a rana. Kwalaben suna cikin ɗan firjinsa, ni na jera masa su. Yau kwana biyu.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Na je aiki. Na dawo.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Malam Buraima ya kai ni kasuwar Batha neman garin masara da kuka. Mutumin Tawa ne, dattijo, ya shekara ashirin yana tuƙi a garin nan, shi ke ɗaukarmu in za mu fita tunda mace ba ta jan mota. Shekara huɗu yana sauke ni a bakin shagon walda kowace Juma'a, ya dawo ya ɗauke ni kafin ya tafi masallaci, bai taɓa cewa uffan ba.

Rabin shagunan Batha a rufe suke, masu su sun ɓuya. Ban samu kuka ba.

A hanyar dawowa danja ta tsayar da mu. Ya dube ni ta madubi ya yi mini tambaya guda ɗaya. Ban amsa ba. Aka ba mu hannu, ya ja mota. Da na sauka na ce sai an jima, bai juyo ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Maman Godiya, matar Malam Habila, ta kira daga Kaltungo. Kwana biyar ba ta ji shi ba. Na ce mata an kai shi wani masauki tare da 'yan'uwa, muna neman inda yake. Na san ta gane. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko yana tare da maganinsa. Na ce muna ƙoƙari.

Bayan ta kashe na tsaya ina tunanin wannan “mu” da nake ta faɗa. Su wa?

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na tashi na yi wanka na sa zanen da nakan sa a ƙarƙashin abaya, sai da na ɗauki jakar awo na tuna ba inda za ni.

Ikilima tana wurin aiki. Na rufe taga na zauna a ƙasa. Na so in yi waƙa, sai na gane ashe ban san inda ake ɗaukar murya ba, kullum Issaka ke farawa mu bi shi. Na buɗe Maganar Allah, idona na kan shafin, ba abin da ya shiga. Da na durƙusa yin addu'a, na ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya har tara. Daga nan bakina ya tsaya. Akwai abin da ya kamata ya biyo baya, ban faɗa ba.

Ɗakin Malam zafi gare shi, ga warin ƙarfe da aka ƙona, ga shayinsa marar suga da yake tilasta wa kowa sha wai don mu taya shi. Na sha yin ƙorafi a raina. Yau na dafa shayi ban sa suga ba, na sha rabi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

An kwana ana ruwa. Tituna sun cika, an rufe makarantu, motar asibiti ta yi awa biyu kafin ta kai mu. Garin nan bai san ruwa ba, kowa ya rikice. Ƙamshin ƙasa ya kai ni gida, sai na ga Inna tana tara kwanoni a bakin indararo. Na kira ta, muka yi maganar girbin dawa da ciwon gwiwarta. Ta tambayi mutanena, na ce suna gaishe ta.

A gado na huɗu akwai wata tsohuwa Balarabiya da suga ta ci wa yatsun ƙafa biyu. Ba ta yarda kowa ya wanke mata sai ni, wai hannuna ba ya sauri. Yau ina naɗe mata ƙafar ta dafa kaina ta ce me ya sami 'yarta, ido duk ya faɗa. Na ce ruwan nan ne ya hana ni barci. Wannan ne wa'azin da aka bar mini a ƙasar nan, in wanke ƙafa da kyau. Yau ko shi ban yi da zuciya ɗaya ba, ina riƙe da tata ina ganin ta wani.

Ko inda suke yana yoyo?

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Malam Buraima ya kira, gaisuwa a taƙaice. Ya ce an mayar da su gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kai ƙasashensu. Ban tambaye shi yadda ya sani ba. Ba na tambayarsa yadda yake sanin abubuwa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Mun je, ni da Ikilima. Ban roƙe ta ba. Ta gan ni ina cusa kwalaben allura cikin fulas ɗin shayi da ƙanƙara, ta ce da wannan Larabcin nawa na kasuwa zan shawo kan askar? Ta ɗauki abayarta.

Ban taɓa ganin mutane haka ba. Habashawa, 'yan Yaman, mutanenmu, mata da jakunkuna zaune a rana suna jiran a kira sunan da ba a kira. Awa uku muna tsaye. Da muka kai taga, askar ɗin ya ce ba ziyara, ba abinci, ba magani. Ikilima ta dafa tagar ta yi ta yi masa magana a hankali, ta ce mutumin da ke ciki yau kwana goma sha uku ba allura, in ya faɗi a hannunsu wa zai amsa a gaban Allah. Wani babba a bayansa ya ji, ya matso ya buɗe fulas ɗin ya duba. Ya ce za a kai wa likitan ciki, amma sai mai kawowa ya bada igamarsa a rubuta suna da lamba da wurin aiki.

Hannuna yana cikin jaka. Ina jin katin tsakanin yatsuna. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Ikilima ta miƙa nata.

A mota na fara yi mata godiya, ta ce in bari. Ta ce babanta da suga ya rasu, kuma ba don ni ta yi ba.  Malam Buraima ya tsaya a baƙala, ƙaramin kanti, ya sayo mata ruwan sanyi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na aika wa Mama Shugaba saƙon wata, da irin harshen da muka shirya. A saƙonninmu sujada ita ce cin abinci, 'yan'uwa su ne iyali. Na rubuta cewa iyali sun yi tafiya ba shiri, an ɗaga cin abinci sai yadda hali ya yi. Ta amsa da rana. Ta ce mata sun sa azumin kwana uku domina, kuma a taron gunduma an ambaci sunana a matsayin abin koyi.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Na je aiki. Na dawo. Ikilima ta ce na bar famfo a buɗe.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

An ba Mariamou awa biyu. Muka haɗu a lambun da ke gefen gidan tarihi a Murabba, inda iyalai ke shimfiɗa darduma, ba mai kula da mata biyu baƙaƙe a kan benci. Ta rame, cikin ne kawai ya fito. Mai gidansu ya yi fushi da aka kira shi kan maganar Issaka, ya sa hannu a takardar fitarsa daga ƙasar ta dindindin. Ita kuwa an ce sai ta cika wa'adin aikinta, saura shekara guda da wata biyu. Nan za ta haihu, ita kaɗai.

Na auna ta a ƙarƙashin abaya kamar muna riƙe da hannun juna. Jinin ya ɗan hau. Na ce ta rage gishiri, ta riƙa ɗaga ƙafa. Ta yi dariya ta ce a gidan da take, wa ke ɗaga ƙafa.

Muka yi addu'a ido a buɗe, muna kallon yara suna wasa, kamar masu hira. Ta ce yanzu ni ce uwarta da ubanta a ƙasar nan. Na buɗe baki, sai aka kira magariba, masu gadi suka fara kaɗa mutane.

Talata, 3 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma da sabbin kwalabe, ni kaɗai. Na ajiye igamata a taga tun kafin a tambaya. Aka rubuta. Ba wani abin yabo ba ne, na makara da kwana ashirin da biyar.

Babban nan ya gane ni, ya ce minti biyar. Aka fito da Malam Habila bayan raga. Da ƙyar na gane shi, wandonsa a ɗaure da leda, yana jan ƙafar hagu. Na sa ya ɗaga ta in gani. Babban yatsan ya yi baƙi. Ya ce allurar tana isa gare shi, amma kafin ta zo ya suma sau biyu. Ya ce ranar farko an yi ta tambayarsu abin da ya tara su a ɗaki, daga baya kuma ba a ƙara tayar da maganar ba sai ta takardu, kuma har yau ba wanda ya faɗa musu laifinsu. Dukkansu tara za a mayar da su gida.

Da askar ya taɓa kafaɗarsa, ya matso da fuskarsa jikin ragar.

“Sista Turai, kullum a cikin nan muna gode wa Allah da ya sa aiki ya riƙe ki ranar nan. Da an haɗa da ke, wa zai duba Mariamou? Allah ya san abin da yake yi.”

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Laraba, 4 ga Disamba, ƙarfe biyar da rabi na safe

Bari in rubuta.

Ran Alhamis, bakwai ga Nuwamba, Malam Buraima ya kai ni sayen burodin jibin Ubangiji da muke gutsurawa a sujada, don ni ke kawowa. Da zan sauka ya ce, “Sista, gobe kada a taru a Gubaira.” Wata guda ina gaya wa kaina cewa ya yi kada ki je. Ba haka ya ce ba. Kada a taru, ya ce.

Na hau ɗaki na fito da waya, na nemo lambar Malam Habila. Ina kallonta. Sai na tuna in an ƙwace wayarsa, kirana ne zai zama na ƙarshe a ciki, za a tambaye ni wa ya gaya mini. Na ce wa kaina jita-jita ce, an sha yi, Malam ma ba zai saurara ba. Daga baya na ƙara da cewa Malam Buraima nake karewa. Wannan ƙarya ce, sai bayan kwana uku na ƙirƙiro ta. Tsoro na ji. Na ajiye wayar, na je na roƙi Ikilima ta bar mini aikinta na Juma'a. Wanda ya ɗauki magana jita-jita ba ya canjin aiki.

Burodin kuwa kyanwoyin bayan masauki na ba.

Tambayar da Malam Buraima ya yi mini a danja ita ce, “Kin isar da saƙon?”

Juma'a, 6 ga Disamba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na gaya wa Mariamou, a benci ɗaya da na makon jiya. Na faɗa duka, ban rage ba, ban kawo dalili ba. Ba ta katse ni ba. 

“Kin ji ni ina gode ma Allah dominki,” ta ce. “Kinka ƙyale ni ina yi.”

Ta dafa benci ta tashi. Na miƙa hannu in taimake ta, ta kauce. Malam Buraima ya kai ta gida, ni na zauna a wurin har ya dawo. Na gaya masa abin da na faɗa mata, wanda shi ne amsar tambayarsa. Na zaci zai yi mini faɗa. Mun yi nisa kafin ya ce shi ma ai ya san ƙofar shagon, taku goma ne daga inda yake tsayar da mota, amma ya ga ya fi masa sauƙi ya gaya mini.

Lahadi, 8 ga Disamba, ƙarfe ɗaya

Na kira Mariamou, ba ta ɗauka ba.

Litinin, 9 ga Disamba, ƙarfe huɗu

Shugabar ma'aikatan jinya ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce an tambayi asibiti ko suna da ma'aikaciya mai sunana. Ba ta faɗi wa ya tambaya ba. Ta ce ni ma'aikaciya ce mai kyau, amma asibiti ba ya son sunansa a wasu takardu, kuma kwantiragina yana ƙarewa a Afrilu. Na ce na ji. Ba a tambayi Ikilima ba tukuna. Na gaya mata duk da haka, har da maganar saƙon da ban isar ba. Ta ce ta sani tun ranar da na roƙe ta canjin aiki.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

An tafi da su Malam Habila gida jiya. Malam Buraima ne ya faɗa.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe uku

Mariamou ba ta ɗauka ba.

Laraba, 18 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Maman Godiya ta kira daga asibiti a Gombe. An cire wa Malam yatsu biyu, likita ya ce sauran ƙafar za ta tsira. Ta ce in ji godiya daga dukan gidan. Na ce ta ba shi wayar, akwai maganar da zan gaya masa. Ta ce yana barci. Na ji daɗi da ta ce haka, kuma na ji kunyar jin daɗin. Zan sake kira ran Asabar.

Na rubuta wa Mama Shugaba cewa ni na ƙona abincin da hannuna, a daina ambaton sunana a taro. Ban san ko za ta gane ba.

Asabar, 21 ga Disamba, ƙarfe goma sha biyu

Na gaya wa Malam Habila. Ya ce ya ji. Ya ce in ba shi lokaci ya yi addu'a a kai. Bai kira ni Sista ba da za mu yi sallama.

Laraba, 25 ga Disamba, ƙarfe uku da rabi

Aikin safe. Ba wanda ya san wace rana ce sai wata 'yar Filifin da muka haɗu a lif, ta matse mini hannu. A gida yanzu mata sun fito da ankonsu, ana waƙa ana buga tulu a majami'a. An sallami tsohuwar gado na huɗu ina hutun cin abinci, ban gan ta ba.

Na tarar Ikilima ta bar mini shinkafa da kaza a rufe, ba ta ce ta mece ce ba.

Juma'a, 27 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin masu ciki

Wayata ta yi ƙara ƙarfe tara na safe. Mariamou ce. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce kwana uku kanta na sarawa, idonta na ganin taurari, takalmi ba ya shigarta, uwar ɗakinta kuma ta ce ragwanci ne.

Malam Buraima ya kai ni. Na shiga ta ƙofar baya na same ta a ɗakin wanki tana guga a zaune. Fuskarta ta kumbura. Na auna, ɗari da saba'in bisa ɗari da goma. Na cire mata dutsen gugar daga wuta, na ratsa cikin gidan har falo inda ban taɓa shiga ba. Uwar ɗakin tana shan gahawa da 'yan'uwanta. Da Larabcina na kasuwa na ce mata ni ma'aikaciyar jinya ce, ga sunana, ga asibitina, yarinyar nan in ba ta ga likita yau ba za ta iya mutuwa a gidanta ita da abin da ke cikinta. Ta tambayi yadda na san 'yar aikinta. Na ce 'yar'uwata ce, tare muke addu'a. Ta kalle ni sama da ƙasa, sannan ta tashi ta ɗauko igamar Mariamou daga ɗakinta ta ajiye a kan tebur.

An kwantar da ita, an sa mata ruwa da magani. Likita ya ce yaron na motsi. Malam Buraima ya rasa sallar Juma'a saboda mu, ya ce Allah na gani.

Da ta ɗan farfaɗo ta miƙo mini wayarta ta ce in kira Issaka a Dogon Dutsi in gaya masa halin da take ciki, sannan in gaya masa abin da na faɗa mata a lambu. Na fita baranda na yi. Ya saurara har ƙarshe. Da ya yi magana, tambaya ya yi ko akwai wanda zai kwana da ita. Na ce ni. Ya ce to.

Na dawo na zauna a kujerar gefen gado. Fuskarta na kallon bango.

“Ban yahe ba tukuna, Yaya,” ta ce.

Na ce na sani.

Can ta zaro hannunta daga bargo ta miƙo, ba ta juyo ba. Na ɗaura mata abin awo na matsa. Ɗari da hamsin bisa casa'in da biyar. Yana sauka.